Kada Gyaran Yau Ya Cinye Aikin Jiya

Ina gaida mutanen Ikara da Paki da Auchan da Saulawa, ina gaida na Makarfi da Gubuchi da Gazara, da na Hunkuyi da Kudan da Likoro, da duk wanda muryata ta kai kunnensa, ko a shago yake, ko a bakin fadama, ko a ɗakin kwanan ɗalibai. Shirinmu na yau a kan fayiloli ne, wato rubuce-rubuce da lissafe-lissafen da muke tarawa a kwamfuta da waya, da yadda mutum zai riƙa gyara su ba tare da ya rasa abin da ya rubuta a baya ba. Wanda ke da biro da takarda kusa ya ɗauko, akwai abubuwan da za su fi amfani in an rubuta su.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon taifin lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe ke rububin gama firojek ya san irin abin da ake gani in an buɗe filash. Fayil na farko sunansa "firojek". Na biyu "firojek sabo". Sai "wanda malam ya gyara", sai "na ƙarshe", sai "na ƙarshe 2". Mai taifin ya ce wanne za a buga, mai aikin ya tsaya yana zare ido, don shi kansa ya rikice. Wannan ma mai sa'a ne, tunda yana da biyar da zai laluba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai fayil ɗaya tak, wanda kullum a kansa yake gyara yana danna sebin.

Ga abin da ke faruwa in an danna sebin. Na'ura tana ɗora sabon rubutun ne a kan tsohon, tsohon ya tafi. Maɓallin nan na komawa baya yana taimako muddin fayil ɗin a buɗe yake, amma da zarar an rufe shi, ko an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, yawancin manhajoji sun manta. To, a ce malamin da ke duba aikinki, 'yar'uwa ɗaliba, ya ce ki cire shafi uku daga babi na biyu, kika cire, kika yi sebin. Bayan mako biyu aka zo gaban kwamiti, wani malamin ya ce ai wannan bayanin da aka cire shi ne ƙashin bayan aikin, a mayar da shi. Daga ina za ki ɗauko? Sai dai ki sake zama ki rubuta da ka, kuma da wuya ya fito kamar na farko.

Maganin wannan ba baƙo ba ne a yankinmu. Makarfi gari ne da ya yaye ma'aikatan lafiya masu yawa, albarkacin kwalejin nan da aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Ku tambayi duk wanda ya koyi aikin jinya ko adana bayanan marasa lafiya yadda ake gyara kuskure a katin asibiti. Zai gaya muku ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi. Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren, yadda har yanzu ana iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa kwanan wata, a sa hannu. Saboda wata rana likita zai so sanin abin da aka rubuta da farko, da wanda ya canza, da lokacin da ya canza. Abin da muke so mu yi wa fayilolinmu ke nan: tsoho ya zauna, sabo ya zo kusa da shi, kowanne da ranarsa, da sunan mai gyara, da dalilin gyaran.

Matakin farko ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabuwar manhaja, ko sisi ba a kashewa. Suna ne kawai. Ku daina sa wa fayil "sabo" ko "na ƙarshe", domin sabon yau tsoho ne gobe. Ku fara sunan da kwanan wata, amma da wannan jeri: shekara, sannan wata, sannan rana. Misali, aikin da aka yi ranar 14 ga Maris, 2025, sunansa zai zama 2025-03-14, sai a biyo da "babi na biyu, gyaran malam". Kar a manta da sifilin da ke gaban 3, domin in babu shi wasu manhajojin za su jera watan 10 kafin watan 3. Amfanin wannan jeri shi ne na'ura da kanta za ta shirya fayilolin daga na fari zuwa na baya-bayan nan in an ce ta jera su bisa suna. Ku duba hotunan da suka shigo muku ta WhatsApp a cikin ma'ajiyar waya, za ku ga da shekara suka fara, sai wata, sai rana. Tsari ne da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar tun 1988, kuma yana kawar da wani ruɗani: in mutumin Amurka ya rubuta 03/04, nufinsa 4 ga Maris, mu kuwa 3 ga Afrilu muke karantawa.

Wani zai ce ai kwamfuta tana nuna ranar da aka taɓa fayil, me ya sa zan wahalar da kaina? Kada ka dogara da wannan, ɗan'uwa. In aka turo maka fayil ta imel ko WhatsApp ka sauke, sau da yawa ranar saukewar za ka gani. Sannan tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu, da yawa ɗan batirin da ke riƙe agogonsu ya mutu, sai ka ga na'ura tana nuna wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ranar da ka rubuta a cikin suna kuwa tana bin fayil ɗin duk inda ya je.

Bayan suna, sai wurin zama. A cikin foldar aikin a bar fayil ɗaya kacal da ake aiki a kansa. A gefensa a buɗe wata folda mai suna "tsofaffi". Duk lokacin da za a yi babban gyara, a kwafi fayil ɗin, a sa masa kwanan wata, a jefa shi cikin tsofaffi, sannan a ci gaba da aiki. Abin da ya shiga tsofaffi ba a sake taɓa shi, sai dai a buɗe a karanta ko a kwafo wani sashe. Ba kullum ake yin haka ba. Ana yi ne kafin ka miƙa wa wani aikin, da lokacin da ya dawo maka da shi, da kafin ka goge wani abu mai yawa, da ƙarshen kowane wata in lissafin kuɗi ne.

Akwai abu na uku da mutane suka fi rainawa, ni kuwa a wurina shi ya fi duka daraja. Ka buɗe ƙaramin fayil, ko ma ka ware shafi a littafin aljihu, ka riƙa rubuta layi ɗaya duk lokacin da ka ajiye zubi, wato kwafin da ka jefa cikin tsofaffi: ranar kaza, na cire bayanin zazzaɓin cizon sauro daga babi na biyu saboda malam ya ce ya yi tsawo. Ranar kaza, na gyara kuɗin buhun taki saboda farashi ya tashi. Na'ura za ta iya nuna maka abin da ya canza, amma dalilin canjin a kanka kaɗai yake, kuma bayan wata shida kai ma ba za ka tuna ba. Mai amfani da Microsoft Word kuma ya sani cewa a sashen Review akwai wurin da aka rubuta Compare. In ka ba shi zubi biyu na takarda ɗaya, zai fito maka da duk kalmar da aka cire da wadda aka ƙara.

Wannan tsari yana da rauni, ba zan ɓoye muku ba. Ya dogara ne da tunawar mutum, ranar da kake sauri ranar za ka manta. Kuma ba ya zama hujja tsakanin mutum biyu, tunda kowa zai iya canza sunan fayil ya sa ranar da ya ga dama. A nan ne mataki na biyu ke shigowa, kuma ina so 'yan ƙungiyoyi su kasa kunne sosai.

Ikara ta san harkar ƙungiyoyin gama-kai, har cibiyar koyar da aikinsu ta Jihar Kaduna a garin take. Kusan kowace unguwa a ƙananan hukumomin nan uku, Ikara da Makarfi da Kudan, akwai ƙungiyar manoman tumatir ko rake ko masara, ko ta mata masu adashi, ko ta masu mazarƙwaila. Yanzu da yawa daga cikin ma'ajin kuɗi da sakatarori sun koma rubuta lissafi a waya ko kwamfuta, abin a yaba ne. Amma ku lura da abin da aka rasa a wannan ƙaura. A littafin takarda, in aka goge 2 aka mayar da ita 3, ido zai ga alama. A fayil ɗin Excel babu alama ko kaɗan. To, kaka ta zo, ma'aji ya ce Malam, buhu uku na taki ka karɓa bashi, Malam ya ce wallahi biyu ne. Wataƙila ba wanda ya yi ha'inci, yatsa ne ya zame. Amma zargi ya riga ya shiga, kuma mun ga ƙungiyoyin da abin da bai kai wannan ba ya watsa su. Ba a banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubutun da za a iya canzawa a ɓoye bai cika manufar rubuta bashi ba.

Manhajojin Google Docs da Google Sheets suna adana tarihi da kansu. Duk gyaran da aka yi, suna riƙe lokacinsa da asusun wanda ya yi shi. A kwamfuta, in ka shiga File za ka ga Version history, ka danna, jerin ranaku zai fito a gefe, kowane mai gyara da launinsa. Kana iya duba yadda lissafin yake a watan Yuni, kana iya mayar da shi yadda yake, kana kuma iya sa wa wani zubi suna, kamar "lissafin da taron wata ya amince da shi". A Sheets har akwati ɗaya za ka iya dannawa ka ga tarihin lambar da ke ciki. Da wannan, maganar buhu biyu ko uku ba ta kai ga rantsuwa. Za a buɗe a gaban kowa a ga ranar da lambar ta canza. Masu ajiye fayilolin Word da Excel a OneDrive na kamfanin Microsoft su ma suna da irin wannan.

Sai dai akwai sharaɗi. Dole kowa ya shiga da asusunsa. In shugaba da sakatare da ma'aji duk da imel ɗaya suke shiga, tarihin zai nuna suna ɗaya ne kawai, an koma gidan jiya. A ba ma'aji da sakatare izinin gyara, sauran 'yan ƙungiya a ba su izinin gani kawai. Kuma shawarata, kada a jefar da takarda. Ƙarshen kowane wata a buga lissafin, shugabanni su sa hannu, a ajiye a fayil na kwali. Dattijon da bai iya waya ba shi ma yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa.

A kula da wani bambanci. In fayil ɗin Word ko hoto ka ɗora a Google Drive, sannan ka maye gurbinsa da sabo, tsohon zubin ba ya dawwama. Bayan kwana 30, ko in zubi ya kai 100, ana iya share shi, sai in ka zaɓi a riƙe shi har abada. Abin da ka jefa kwandon shara ma kwana 30 yake yi. Wurin ajiya na kyauta gigabayit 15 ne, kuma da imel ɗinka da hotunanka duk a ciki suke ci.

Wanda ke son ya ga yadda tarihin rubutu yake da idonsa, ba tare da ya taɓa nasa fayil ba, ya buɗe Wikipedia ta Hausa, ya nemo shafin garinsu, ya shiga sashen tarihin shafin. Zai ga duk wanda ya taɓa ƙara ko da waƙafi ne, da ranar da ya yi, tun daga zubin farko.

Za mu ɗan saurara kaɗan, in mun dawo mu shiga maganar Git.

Barkanmu da dawowa, masu sauraro. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan adana tarihin fayiloli.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun riga kowa shan wannan wahala, domin su harafi ɗaya in ya kauce, aikin gaba ɗaya ya tsaya. Tun 1972 wani injiniya mai suna Marc Rochkind a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka ya ƙirƙiro manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare. Wasu suka biyo baya. Wadda ta mamaye duniya a yau ita ce Git. Linus Torvalds, ɗan asalin ƙasar Finland, wanda ya fara tsarin Linux a 1991, shi ya rubuta ta a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa izinin amfani kyauta da wata manhaja mai suna BitKeeper. Bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Wayar Android da ke hannun yawancinmu a kan Linux aka gina ta, don haka wanda ke saurarenmu ta waya yana cin gajiyar aikin da Git ke riƙe da tarihinsa.

Abubuwa biyu suka sa nake kawo ta a wannan shiri. Kyauta ce, kuma ba ta buƙatar intanet. Da zarar an sauke ta sau ɗaya, mutumin da ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa zai yi shekara yana adana tarihin aikinsa ba tare da ya sayi data ba. Kada a haɗa ta da GitHub. Git manhaja ce a cikin kwamfutarka. GitHub kuwa shafi ne na intanet da aka buɗe a 2008, inda ake ɗora kwafin aikin, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Ana iya amfani da Git ba tare da an taɓa leƙa GitHub ba.

Ga yadda take aiki. Bayan an saka ta, za ka gaya mata sunanka da imel ɗinka sau ɗaya, don ta riƙa liƙa su a kan kowane gyara. Sai ka shiga foldar aikinka ta tagar rubuta umarni, ka rubuta git init. Wannan zai buɗe wata ɓoyayyiyar folda mai suna ɗigo git, a can duk tarihin zai zauna. Ka yi aikinka yadda ka saba. In ka kai wata gaɓa, ka rubuta git status, ta nuna maka fayilolin da ka taɓa. Ka rubuta git add da sunan fayil ɗin da kake son adanawa. Sannan git commit, ɗan layi da harafin m, sai bayanin gyaran a tsakanin alamun zance. Wannan ajiyar ita ake kira komit: yadda fayilolin suke a wannan lokacin, da sunanka, da ranar, da dalilin da ka rubuta. Kun ga layin nan ɗaya da na ce a riƙa rubutawa a littafin aljihu, a nan Git ba ta yarda ka wuce sai ka rubuta shi. Don Allah kar a rubuta "gyara" kawai. A rubuta abin da wani zai karanta ya gane, da Hausa ma ya yi.

In kana son ganin jerin duk abin da ka ajiye, git log. In kana son ganin abin da ka canza tun ajiyar ƙarshe, git diff, zai nuna layin da ya fita da wanda ya shigo. In ka ɓata fayil yau kana son ya koma yadda yake a ajiyar ƙarshe, git restore da sunan fayil ɗin, amma ka tabbata ba ka son gyaran yau, domin zai tafi. Kowane komit yana da lambarsa mai tsawo, da 'yan haruffan farkonta za ka iya ɗauko fayil yadda yake wata uku da suka wuce. Wanda baƙar tagar umarni ke ba shi tsoro, akwai GitHub Desktop, inda duk wannan dannawa ne kawai.

Yanzu ga gaskiyar da masu zumuɗin Git ba su cika faɗa ba. Ta fi ƙwarewa ne a kan rubutu tsura, irin fayil mai ƙarewa da txt ko csv, ko rubutun manhaja, ko LaTeX da ɗaliban lissafi da kimiyya ke rubuta bincike da shi. Fayil ɗin Word da Excel a dunƙule suke. Git za ta adana kowane zubi lafiya lau, za ta dawo maka da shi, amma ba za ta nuna maka jimlar da ta canza ba. Hotuna da bidiyo kuwa, kowane zubi kusan cikakkensa take ajiyewa, nan da nan wuri ya cika, GitHub ma ba ya karɓar fayil da ya wuce megabayit 100. Saboda haka mai ɗaukar hoton biki da mai tace bidiyo, wannan ba taku ba ce, ku riƙe tsarin suna da folda. Ma'ajin ƙungiya, Google Sheets ta ishe ka. Amma matashin da ke koyon rubuta manhaja, ko yana Jami'ar Ahmadu Bello, ko Kwalejin Nuhu Bamalli, ko yana koyo da kansa a ɗaki a Hunkuyi, ya fara Git yau, tun aikinsa yana ƙarami, domin duk inda zai nemi aiki za a tambaye shi. Marubucin littafi ko malamin da ke tara darussa shekara da shekaru shi ma zai amfana in ya yarda ya yi rubutu tsura. Ya dai tabbata ya adana da tsarin UTF-8, don kada ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su zama alamar tambaya.

Akwai kuskuren da nake roƙon kowa ya guje wa. Tarihin fayil daban, kwafin ajiya daban. Foldar tsofaffi da foldar ɗigo git duk a cikin kwamfuta ɗaya suke. In aka sace ta a mota, ko ruwan damina ya zubo ta rufi, ko mai gyara ya yi mata fomatin, da sabo da tsoho duk sun tafi tare. A 1998, ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin. Aka je ɗauko kwafin ajiya, aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, tana da kwafi a kwamfutarta. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A wurinmu wannan na iya zama kwamfuta, da filash da ke ajiye a gida, da Drive ko imel. Filash ɗin ajiya kuma kada ya zama shi ne mai yawo shagunan buga takardu, don can ake kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi marasa komai. Lokaci zuwa lokaci a buɗe kwafin ajiyar a ga ko yana buɗuwa.

Sai maganar sirri. Manhajar da aka gina don kada ta manta, ba za ta manta da abin da kake so ta manta ba. In ka rubuta kalmar sirri ko lambar katin banki a fayil ka yi komit, gobe ka goge, tana nan a tarihi, duk wanda ya samu foldar zai iya tono ta. Haka ma a Google Docs, wanda ka ba izinin gyara zai iya duba abin da ka goge a baya. In za ka tura wa baƙo takarda, ka yi sabon kwafi ko ka mayar da ita PDF. A GitHub akwai ma'ajiya ta fili da kowa ke gani, akwai ta sirri, kuma tun 2019 ta sirrin kyauta ce. Ka duba da kyau kafin ka ɗora. Hoton katin NIN, da lambar BVN, da takardun gona da na gado, ba su da wuri a ma'ajiyar fili. Ɗaliban lafiya kuma, in kun tattara bayanai daga marasa lafiya don bincike, ku cire sunaye da lambobin waya tun kafin ajiyar farko. Amana ce aka ba ku.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta masu waya kaɗai. Hajiya mai sana'a ta ce ba ta da kwamfuta, lissafinta duk a waya yake. Hajiya, tsarin suna yana aiki a waya kamar yadda yake a kwamfuta. In a Google Sheets ko Docs kike rubutu, tarihin yana taruwa ko da daga waya kike gyara, sai dai duba shi ya fi sauƙi a kwamfuta, ranar da buƙata ta taso sai ki nemi ta wani amintacce, ki tabbata kin fita daga asusunki in kin gama. In kuma kin saba tura wa kanki abubuwa ta WhatsApp, ya fi babu, amma ki tura hoton rasit a matsayin takarda don kada a rage masa kyau, kuma ki sani in waya ta ɓace ba a kunna ajiyar hira ba, sun tafi.

Duk wannan ya rataya ne a kan asusu, asusun kuma sau da yawa a kan layin waya. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan ba wani. Google kuma tun Disamban 2023 ya fara aiki da dokar da ta ba shi damar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ku sa lambar da kuke amfani da ita kullum a matsayin hanyar dawo da asusu, ku ƙara da imel na biyu. 'Yan ƙungiya kuma, ranar da aka yi zaɓe aka canza sakatare, a sa miƙa fayiloli cikin ajandar taron. Tsohon sakatare ya mayar da mallakar fayil ɗin lissafin ga sabo ta wurin saitin rabawa, a gaban shugaba, maimakon ya tura masa kwafi, domin kwafi yana zuwa ne babu tarihin da ke bayansa.

Lokacinmu ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake ɗaukar hoton takardun makaranta da na gona da waya su fito tsaf, da inda ya dace a ajiye su.